Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ikkilisiyoyin Sakkwato: Ina Mai Bishara Zai Sa Haƙarƙarinsa?

Zuwa ga iyayenmu fastoci da limaman coci, dattawan ikkilisiya, shugabannin Zumuntar Mata da na Maza, na kowace ɗarika da ke cikin garin Sakkwato.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya aikin Ubangiji, yaya kuma iyalanku? Allah ya ƙara muku ƙarfi da tsawon rai.

Ni 'yarku ce, ga waɗansunku kuma uwa. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, ina zaune a Mabera, a cikin Zumuntar Mata kuma na tsufa. Ba halina ba ne in yi wa shugabanni magana a bainar jama'a. Na kawo wannan batu a taron mata har sau biyu, an saurare ni da ladabi, aka ce za a kai gaba, har yau ban ji komai ba. Na kuma lura cewa maganar ta fi ƙarfin ikkilisiya ɗaya, shi ya sa na haɗa ku gaba ɗaya. Idan harshena ya yi kaushi a wani wuri, ku gafarce ni.

Wata Talata ce cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura maki 40, daren ma ba ya yin sanyi. Layin sharar majami'a ya zo kan rukuninmu, sai na yi sammako don in gama kafin rana ta ɗaga. Ina tura ƙofa na ga an haɗa benci uku a lungun da mawaƙa ke zama. Wani mutum yana kwance a kai, ya yi matashin kai da takalmansa. Matarsa tana zaune a ƙasa, ta jingina da bango, tana yi wa wata yarinya fifita da yagaggen kwali. Da ta gan ni sai ta zabura ta tashe shi, suka shiga naɗe zannuwansu cikin sauri kamar waɗanda aka kama da laifi.

Sai da ya ɗago kai na gane shi. Mai bishara ne, kuma a wannan majami'ar aka keɓe shi. Ina nan ranar da dattawa suka ɗora masa hannu, ina cikin matan da suka yi waƙa, muka yi guɗa, muka raka su har bakin mota. Ba zan faɗi sunansa ko ƙauyen da yake aiki ba, kun san dalili. 'Yarsu ce ta kwanta, suka kawo ta asibiti, aka duba ta, aka ce su dawo bayan kwana huɗu don sakamakon gwaji. Kuɗin da ke hannunsu ba zai kai su gida ya dawo da su ba. Maigadi ne ya tausaya musu, yana buɗe musu ƙofa idan kowa ya watse, su kuma su fice kafin gari ya waye, su yini a inuwar dogon yaro a bakin asibiti. Daren nan shi ne na uku.

Na ce masa, "Malam, don me ba ka zo gidan kowa ba? Ba ka san gidan Baba Fasto ba ne?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ba mu so mu dami kowa ba. Kowa yana fama da nasa."

Tsintsiyar da na zo da ita a nan na bar ta. Na tare musu kabu-kabu biyu muka nufi gidana, kuma abin da na gani cikin kwanakin da suka yi a wurina shi ne ya hana ni yin shiru. Mutumin nan ya yi wanka, ya sha fura, ya kwanta da hantsi, bai farka ba sai washegari. Sau uku ina leƙawa in ga ko yana numfashi. Dugadugansa duk faso ne, wani wurin har da jini. Kwat ɗinsa guda ɗaya na wa'azi yana naɗe cikin leda a ƙasan jaka, don kada ƙura ta taɓa shi. Da ya farka na ɗauko abin awon jinina na gwada shi, na tarar da hawan jini wanda da a asibiti nake ba zan sallame shi ba, alhali bai kai shekara 45 ba. Ya ce ai ciwon kan nan ya daɗe yana damunsa, ya ɗauka rana ce.

Matar kuwa ta kasa zama. Ina juya baya sai in tarar ta ɗauki tsintsiya, ko ta tsuguna gaban kwanuka. Sai da na riƙe hannunta na ce, "Ɗiyata, a gidan nan ke baƙuwa ce, zauna." Ta zauna a bakin tabarma, ta yi shiru, can sai hawaye. Da dare ta gaya mini cewa ta manta rabon da ta yi barci har safe. Da sun ji ƙarar babur cikin dare sai su kwashi yara su shige gona, wani lokacin su kwana cikin karan dawa, ga sauro, ga macizai. Shekara huɗu ba ta sa mahaifiyarta a ido ba. Ta ce ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don kada a ce matar mai bishara ba ta da bangaskiya.

Iyayena, waɗannan su ne mutanen da muke tashi tsaye muna yi wa addu'a duk ranar Lahadi.

Kun fi ni sanin halin da ƙauyukanmu ke ciki. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka buɗe wa jama'a wuta a kasuwar Goronyo. A 2024 aka sace Sarkin Gobir a kan hanyarsa ta komawa gida, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Inda sarki mai rawani bai tsira ba, ina ga baƙon da ya zo daga Filato ko Zuru ko Kudancin Kaduna, ba dangin iya ba na baba, sai Littafi Mai Tsarki da tsohon babur? Wannan bala'i bai bar Musulmi ba, bai bar Kirista ba. Amma mai bishara yana ɗauke da kaya biyu, nasa tsoron da na 'yan tsirarun da ke dubansa su ga ko zai gudu. Ga sankarau da ke zuwa da bazara, wanda ya yi mana ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. Ga zazzaɓin cizon sauro da damina. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗan alawus ɗin da ake tura musu ya koma kuɗin man babur kawai, akasarinsu da noma suke ci da iyali.

Waɗanda suka fara kawo mana bishara sun koyi darasin hutu ne a bakin kabari. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shigowa ƙasar nan tamu. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham kaɗai ya koma gida, shi ma da ƙyar. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta mishan, wato SIM (Sudan Interior Mission), ta samu ta kafa tasharta ta farko a Patigi. Ba a yi nisa ba suka gane cewa in ba a tanadi wurin da ma'aikaci zai maida numfashi ba, binne shi za a yi. A 1914 suka buɗe gidan hutu a Miyango, kusa da Jos, inda iska ke da sanyi. Mai aiki a ƙasa mai zafi irin tamu yakan bar tasharsa ya hau Filato ya yi makonni, ya ci, ya yi barci, likita ya duba shi, ya ga 'ya'yansa a makarantar da aka sa wa sunan Kent. Duk da haka maƙabartar da ke Miyango cike take da sunayensu da na ƙananan 'ya'yansu. Waɗanda suka yi jinyar kutare a Amanawa, nan bakin hanyar Gusau, tun daga shekarun 1930, da waɗanda suka buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, sun daɗe a bakin aiki ne domin akwai tsarin da ke cire su daga cikin wuta lokaci-lokaci. Haka ma limaman Dominikan da suka zo daga Amurka suka riƙe aikin Katolika a wannan yanki daga 1953, har Sakkwato ta zama dayosis a 1964. A gida ɗaya suke zama da 'yan'uwansu, su ci tare, su yi addu'a tare, ba a jefa mutum shi kaɗai a manta da shi.

Daga baya aikin ya dawo hannunmu, kuma abin godiya ne. Tun 1948 aka kafa ƙungiyar aika 'yan ƙasa wadda yanzu muke kira EMS, ɗarikar ECWA da ta fito daga aikin SIM kuma ta tsaya da ƙafafunta a 1954, sauran ɗariku ma kowace da nata masu bishara da katikis da sistoci. Mun gaji aikin, mun gaji waƙoƙin, mun gaji gine-ginen. Hutun ne ban ga mun gada ba. Wataƙila a zuciyarmu mun ɗauka Bature ne ke gajiya, ɗan ƙasa ya saba da rana. Ni da na yi shekaru ina awon jinin mutane ina gaya muku jiki da jini duk ɗaya ne. Miyango tana nan har yau, amma daga Sakkwato tafiyar yini guda ce cur, ta Gusau da Funtuwa da Zariya, a kan hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki. Mai bisharan da ya kasa biyan kuɗin motar komawa ƙauyensa, da me zai kai iyalinsa Filato? Dole a samu wuri a nan kusa.

Na sha jin ana cewa ai wahala tana cikin kira, wanda ya ɗauki gicciye bai nemi katifa ba. Gaskiya ne akwai wahalar da bishara ke jawowa, kuma mutanen nan sun amince da ita tun ranar da suka ce ga mu. Ba su taɓa neman a ɗauke musu ita ba. Amma kwanan benci a cikin garin da ke da ɗaruruwan gidajen masu bi, wannan ba bishara ta jawo shi ba, sakacinmu ne. Kada mu ɗauki sakacinmu mu rataya masa sunan gicciye.

Ku fastoci ne, ba ni zan koya muku Littafi ba, amma ku bar ni in tuna muku wuraren da suka riƙe ni. A Markus sura 6, almajirai sun dawo daga aikin da aka aike su, suna ba da labarin abin da suka yi, jama'a na ta kai da kawowa har ba su samu sukunin cin abinci ba. Ubangiji bai ce su ƙara ƙoƙari ba. Ce musu ya yi su zo su keɓe a wurin da ba kowa su ɗan huta. A Sarakuna ta Ɗaya sura 19, Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zube a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Wannan fa annabin da wuta ta sauko a kan Karmel saboda addu'arsa. Allah bai tsawata masa ba, bai yi masa wa'azi ba. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya kai Horeb aka tambaye shi me yake yi a nan. Abinci da barci suka riga tambaya.

Wadda na fi ƙauna kuwa ita ce matar nan ta Shunem, a Sarakuna ta Biyu sura 4. Ta lura Elisha yana yawan wucewa ta garinsu, ba ta jira ya roƙa ba. Ta shawarci mijinta suka gina masa ɗan ɗaki a kan soro, suka sa gado da tebur da kujera da fitila. Abu huɗu ke nan, ba wanda ya fi ƙarfin talaka. Kuma ɗakin nasa ne, duk ranar da ya iso sai ya shige, ba sai ya tsaya a ƙofa yana jin nauyi ba.

Irin wannan ɗaki nake roƙonku. A cikin 'yan shekarun nan na ga mun sa tayil a majami'u, mun sayi manyan lasifikoki da janareta, mun ɗaga katanga. Ban ce laifi ba ne, katangar ma tilas ce ta sa. To amma ikkilisiyar da ta iya waɗannan za ta iya ɗaki biyu da banɗaki mai ƙofa. A sa gado da katifa, gidan sauro, fanka mai aiki da sola tunda kun san halin wutarmu, randar ruwa, da ɗan murhu don matar da ke son ta dafa wa yaranta abin da suka saba. A ba mutum makulli a hannunsa. Idan ikkilisiya ɗaya ba za ta iya ba, uku su haɗu, kuma kada a tambayi wanda ya iso da yaro marar lafiya ko shi ɗan wace ɗarika ne. Zai fi kyau a samu wuri kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, domin jinya ce ta fi kawo su gari. Abu ɗaya zan roƙa da babbar murya, kada ɗakin ya koma ma'ajiyar kujerun roba da buhunan siminti bayan wata shida, kada kuma a ba wani ɗan dattijo ya tare a ciki. Na taɓa ganin haka ta faru.

Gini yana ɗaukar lokaci, baƙi kuwa ba sa jira. Kafin a gama, a tambayi jama'a ranar Lahadi wa ke da ɗakin da yara suka girma suka bari. Na tabbata za a samu gidaje goma ba tare da an matsa wa kowa ba. A rubuta su, a ba mutum ɗaya amintacce lambobin wayarsu, kowane mai bishara ya san wanda zai kira tun yana tasha. Mu mata mu raba kwanakin abinci, yadda muke yi idan an yi haihuwa ko rasuwa. Wanda ba shi da ɗaki yana da mudun gero ko shinkafa, a ware wani kaso daga godiyar kaka don wannan. Baikon Lahadi ɗaya a kowane wata uku, idan an riƙe shi da amana, zai biya kuɗin mota da magani.

A nan zan faɗi abin da ya ba ni kunya. Ranar da baƙin nan suka kwana biyu a gidana, maƙwabciyata, wata Hajiya da muka yi shekaru muna zaman lafiya, ta ga sabuwar fuska a tsakar gida. Ba ta tambayi ko su wane ne ba. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Baƙi kunka yi? Ga hura ki ba ɗiyar, Allah shi ba ta lahiya." Kullum sai ta aiko da wani abu har suka tafi. A ƙasar nan muka tashi muka ga zaure a ƙofar kowane gida, matafiyi ya sauka a ba shi ruwa kafin a tambayi sunansa, malami ya zo wa'azi mai unguwa ya sauke shi, maƙwabta su yi ta aiko da akushi. Baƙonka annabinka, in ji mutanenmu. Mu da aka gaya mana cewa ta wurin karɓar baƙi waɗansu sun sauke mala'iku ba su sani ba, yaya aka yi namu suke ɓuya a cikin majami'a?

Ɗaki kaɗai ba zai wadatar ba idan babu hutun da aka rubuta. Mai bishara ba zai taɓa buɗe baki ya nemi hutu ba, yana tsoron a ce ya gaji da aikin Allah, ko wanda ke tallafa masa ya janye hannu. Ku ne za ku sa shi a rubuce, wata guda a shekara, shi da iyalinsa, da kuɗin mota zuwa da komowa, alawus ɗinsa kuma bai tsaya ba. A lura da lokaci. Tunda manoma ne, ba wanda zai bar gonarsa daga saukar ruwa har a kai amfani rumbu, Kirsimeti ma ba ya barin jama'arsa. Daga Janairu zuwa Afrilu ne ya dace, kuma a cikinsa ne zafi da sankarau suka fi tsananta a ƙauye. Sannan a aika wanda zai riƙe masa wurin, ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki da ke hutu, ko fasto mai ritaya da ke da sauran ƙarfi, ko dattawa biyu su riƙa karɓa-karɓa. In ba haka ba jikinsa ne kawai zai zo Sakkwato, zuciyarsa tana can wurin mutum 15 ɗin da ya bari ba makiyayi.

Ga kuma inda muka fi yin kuskure, har da ni. Da an ji mai bishara ya shigo gari sai a ce madalla, mun samu mai wa'azin Lahadi. Laraba ya yi magana a taron addu'a, Alhamis Zumuntar Mata na son shaida, Asabar matasa. A tsayar da shi a gaba da kwat ɗinsa ɗaya ya ba da labarin wahalarsa, a yi baiko, a tafa masa. Wanda ya sauka a gidana, kwana uku kacal ya yi aka aiko a ce ana nemansa ya yi wa'azi, ya kuma kawo rahoto. Na ga yadda ya zauna da dare da fitilar waya yana rubutu, kansa na sarawa. Bai iya cewa a'a ba, domin wanda ya ci abincinka yana jin nauyinka. Ni ma ban hana ba, kuma har yau abin yana damuna. Wanda ya zo hutu a bar shi ya zauna a benci kamar kowa, a yi masa wa'azi shi ma, domin shekara guda yana bayarwa ba wanda ya ba shi. Bulus da Barnaba sun ba da rahoto a Antakiya, gaskiya ne, amma Littafi ya ce sun daɗe tare da masu bi a can. Rahoto ya jira sai mako na biyu.

Rahoton ma kansa, me muke tambaya? Mutum nawa suka tuba, nawa aka yi wa baftisma, an fara gini ko ba a fara ba. Ban taɓa jin an tambayi mutum ko yana samun barci ba, ko yaya tsakaninsa da matarsa, ko akwai bashi a kansa. Ana bukatar dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya masu riƙe sirri, waɗanda ba su da hannu a maganar canjin wurin aiki ko alawus, inda mai bishara zai iya cewa "na ji tsoro" ko "na yi tunanin barin aikin nan" ba tare da maganar ta isa kunnen kwamiti ba. Wanda ya ga gawa a bakin hanya, ko aka sace ɗan ikkilisiyarsa, ciwo ne a cikinsa ko da bai nuna ba. Likitoci da ma'aikatan jinya kuma ba mu rasa su ba a cikin majami'unmu. Yini ɗaya ya isa a auna jini da suga, a duba ido da haƙori. Ni da kaina zan riƙe wannan ɓangaren muddin ina da ƙarfi, kuma na san abokan aikina ba za su ƙi ba.

'Yan'uwana mata, wannan taku ce. Matar mai bishara ita ce ungozoma, ita ce malamar yara, ita ke dafa wa duk wanda ya sauka, ita ke noma, ba ta da alawus, ba a ma ambatar sunanta ranar keɓewa sai a ce "da iyalinsa". Idan ta zo gidanki kada ki miƙa mata wankinki. Ki kai ta kitso, ki raka ta kasuwa ta zaɓi atamfar da ranta ke so, kada ki juye mata tsummokaran da kika gaji da su. A tanadi kuɗin da za ta je ta ga iyayenta. Waɗansunsu sukan turo 'ya'yansu gari saboda makaranta, su damƙa mana amana. Na ga gidajen da aka riƙe irin yaran nan kamar 'ya'yan ciki, Allah ya saka musu. Na kuma ga inda yarinya ta koma 'yar aiki, ita ce ɗebo ruwa, ita ce raino, makarantar sai ta samu sarari. Uban yana can yana kasada da ransa, ya ɗauka 'yarsa tana karatu. Wannan zunubi ne, kuma ya kamata a faɗe shi daga kan bagadi.

Waɗanda suka tsufa a filin bishara ma kada a manta da su. Mutum ya yi shekara 30 yana zaune a gidan mishan, ranar ritaya ya fito ba shi da ko bukka. Wannan babbar magana ce da ke bukatar zama na daban, na ambace ta ne don kada ta ɓace.

Sai batun sirri. Duk abin da za a yi, a yi shi ba tare da shela ba. Kada a kafa allo a ƙofar ɗakin, kada a ɗauki hoton baƙo a sa a Facebook ko a watsa a WhatsApp da sunan ƙauyensa don a nuna ikkilisiya ta yi abin kirki. Gobe zai koma can shi kaɗai, kuma ba mu san idon da ya ga hoton ba. Matasanmu suna yin haka da kyakkyawar niyya, a ja musu kunne.

Yarinyar nan ta warke, taifot ce. Uban yana shan maganin hawan jini yanzu, nakan aika masa ta hannun wani direba idan ya kusa ƙarewa. Sun koma ƙauyensu, suna can har yau. Ranar da za su tafi matar ta tsaya a ƙofar ɗakin ta daɗe tana kallon gadon, sannan ta ce, "Mama, in Allah ya kai mu baɗi, za mu iya dawowa ko ba wanda ke ciwo?" Na ce mata ɗakin nasu ne.

Ɗakin yana nan a share, makullin yana rataye a bayan ƙofata. Amma ɗaki ɗaya ne, ni kuma tsohuwa ce, masu bishara kuwa suna da yawa. Ina roƙonku ku sa wannan magana a ajandar zamanku na gaba, kowace ikkilisiya a majalisar dattawanta, sannan a taron da ke haɗa ɗariku, kafin zafi ya sake shigowa a watan Maris. Duk ranar da kuka neme ni zan zo, tare da sunayen mata shida da suka riga suka ce akwai ɗaki a gidajensu.

Taku cikin Ubangiji,
wata uwa daga Zumuntar Mata,
Mabera, Sakkwato.